Waƙoƙin "Chalti Ka Naam Gaadi" da Gardamar Aron Kiɗa a Indiya

A cikin shekara ta 1958 aka fito da wani wasan sinima a birnin Bambai na ƙasar Indiya, wanda yanzu a ke kira Mumbai, sunan wasan Chalti Ka Naam Gaadi. Sunan karin magana ne na Hindi, ma'anarsa kuwa, abin da ke tafiya shi a ke kira mota. Satyen Bose ya shirya wasan, Sachin Dev Burman ya tsara kiɗan, Majrooh Sultanpuri ya rubuta baitocin. Manyan 'yan wasan su ne Madhubala da waɗansu 'yan'uwa uku ciki ɗaya, watau Ashok Kumar da Anoop Kumar da Kishore Kumar.

Labarin na makanikai ne uku, wa da ƙannensa, masu garejin gyaran mota. Babban ya yi rantsuwa ba shi ba mata, don an taɓa raba shi da wadda ya ke so, har ya hana ƙannensa ko kallon mace. Ran nan da dare, ana ruwa, sai ga wata budurwa Renu motarta ta lalace. Autan, Manu, ya gyara mata, ta tafi ba ta biya ba, ta kuma mance jakarta. Garin bin bashin nan ne ya ga an yar da gawa daga cikin wata mota. Daga nan wasa ya juya ya zama na fargaba, gama masu kisan su ne ke neman auren Renu don dukiyar ubanta, shugabansu kuwa shi ne ya auri tsohuwar budurwar babban wan, ya kulle ta a ɗaki.

Ba a gane matsayin waƙoƙin wasan nan sai an san abin da ya auku shekara shida kafinsa. A 1952 aka naɗa B. V. Keskar Ministan Watsa Labarai na Indiya. Shi mutum ne mai kishin kiɗan gargajiya na ƙasarsa, a ganinsa waƙoƙin sinima sun cika batsa da kwaikwayon Turawa. Saboda haka ya rage lokacin da gidan rediyon gwamnati ke ba su, ya hana a faɗi sunan wasan da waƙa ta fito. Masu sinima suka fusata, suka janye waƙoƙinsu. Jama'a fa? Sai suka murɗa akwatinsu zuwa rediyon Silon, ƙasar da ta zama Sri Lanka a 1972, inda Ameen Sayani ya fara shirin Binaca Geetmala a cikin wannan shekara ta 1952. Da gwamnati ta ga masu sauraro sun watse, tilas ta buɗe tashar Vividh Bharati a 1957 don irin waƙoƙin da ta kora.

To, a bayan wannan ne Burman ya yi abin da Keskar ya fi ƙi. Waƙar da Manu ke yi a daren ruwan saman nan, a kan karin wata waƙar Amurka aka gina ta, Sixteen Tons, wadda Merle Travis ya tsara, Tennessee Ernie Ford ya shahara da ita a 1955. Ta asalin kukan mai haƙar kwal ce, wanda bashin kantin kamfani ya ɗaure. Burman ya riƙe taken, ya cire baƙin cikin. Maimakon ganga, sai a ga Manu yana ƙwanƙwasa guduma da sufana a jikin ƙarfe, amon aikinsa shi ne kiɗan. Mai kallo ba ya iya cewa ga inda gyaran mota ya ƙare, ga inda waƙa ta fara. Wanda ya kira wannan sata ya faɗi rabin gaskiya, don ba a ambaci mai karin na farko ba. Amma ya bar rabin da ya fi nauyi, watau aikin da aka sa karin ya yi a cikin labari.

Mafi yawan aikin nan harshe ya yi shi. Majrooh mawaƙin Urdu ne, ya san ƙa'idar waƙar malamai sarai, amma a nan ya sauko ya ɗauki maganar titi. Ya cika baitocin da kalmomi tagwaye masu amo ɗaya, irin waɗanda Hindi ke da su da yawa, kamar yadda Bahaushe kan ce "kiciɓis" ko "tsamo-tsamo". Gajerun gaɓoɓin nan su suka hau karin Amurka daram. Abin lura kuma, Burman haifaffen Komila ne daga gidan sarautar Tiripura, 'yan'uwan nan uku kuwa zuriyar Bangal ne da suka tashi a garin Khandwa. Ashe ke nan harshen wasan ma ba shi ne na gidan yawancinsu ba. Har wa yau Kishore da muryarsa ya ke waƙa, alhali kuwa tun 1935, lokacin da aka yi wasan Dhoop Chhaon a Kalkata, al'ada ta fara zama mawaƙi ya rera a ɓoye, ɗan wasa ya motsa leɓe. Don haka numfashinsa da motsinsa su ke tafiya tare.

Bashin da ya ɓace daga waƙar farko sai ya ɓullo a wata. Kuɗin gyaran rufi biyar ne da ana goma sha biyu, Manu kuwa yana zuba kalaman soyayya, sa'an nan ya komo kan kuɗinsa don tsoron wansa. A da ana goma sha shida ke rufi guda, kamar yadda a da kwabo goma sha biyu ke sule. Amma tun Afrilu na 1957 gwamnati ta raba rufi gida ɗari. Watau waƙar tana lissafi da kuɗin da hukuma ta riga ta sauya, baki bai saki ba tukuna.

Gardamar nan ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun wajen 1950 da 'yan kai 'yan kasuwar Lebanon masu gidajen sinima suka fara nuna wasannin Indiya a Kano da sauran birane. Daga baya masu bandiri, irin su Ushaƙu Indiya waɗanda Brian Larkin ya yi nazari a kansu, suka ɗauki karin waƙoƙin sinima suka ɗora begen Annabi a kai. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, da finafinan Hausa suka yawaita, aka riƙa zarginsu da kwaikwayon Indiya, kusan da lafazin da Keskar ya zargi Bambai da kwaikwayon Turawa. Keskar ya bar muƙaminsa a 1962. Binaca Geetmala kuwa ya ci gaba a rediyon Silon har 1988, sa'an nan ya koma Vividh Bharati, tashar gwamnati.