Ƙara ko Ƙarfi: Tarihin Matatar Iskar Mota a Nassarawa

Titunan Nassarawa sun girmi yawancin motocin da suka taɓa taka su. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun zauna a wajen ganuwa, kusa da gidan Sarki na Nassarawa, suka shata hanyoyi masu faɗi tun doki ne abin hawan manya, har da filin sukuwa da yake nan har yau. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, motoci suka biyo baya sannu a hankali. Gidajen Turawa suka koma hannun manyan ma'aikatan gwamnati da attajirai, kowane gida da garejinsa da direbansa. A baskwatan ɗaya daga cikin waɗannan gidaje na tashi, domin mahaifina direban gwamnati ne, kuma a nan na fara sanin cewa inji ma numfashi yake yi.

Lissafin ba shi da wuya. Domin a ƙona kilo ɗaya na fetur ƙonuwa mai kyau, inji yana buƙatar iska kilo 14.7, wato kowace lita ɗaya ta mai tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Duk wannan iska ta ƙofa ɗaya take shiga, ta cikin abin da kanikawa ke kira iyakilina. A garin da hunturu ke lulluɓe shi da ƙura wata da watanni, wannan ƙofa ita ce ran inji.

Zamanin da na buɗe ido, Peugeot ce sarauniyar unguwa. An fito da 504 a Faransa a 1968, a 1975 aka buɗe kamfanin haɗa ta a Kaduna, kuma a shekarar ce ta lashe gasar Safari ta Kenya. Tsofaffin Peugeot da aka yi domin ƙasashe masu ƙura suna da wata matata da yaran yanzu ba su sani ba: gwangwani ne mai kwano a ƙasa, a zuba baƙin mai a kwanon daidai wani layi. Iska za ta sauko ta bugi man, ta juya sama ta ratsa ragar waya, ƙurar ta maƙale. Duk ranar Asabar mahaifina zai kwance maƙallan kwanon, ya zubar da man, ya sa yatsa ya kwaso laka ja mai kauri da ta kwanta a gindi, ya wanke da kananzir, ya zuba sabo. Yakan nuna mini lakar ya ce da ba don kwanon nan ba, a cikin fistin za ta kwana.

To da me ake auna ƙarfin mota a lokacin? Da kunne da hanya. Bakanike zai zo gida da jakar sifanu, ya buɗe bonet, ya sa sukundireba a jikin kafireta yana murɗawa kaɗan-kaɗan, kansa a karkace yana sauraron sulo har sai injin ya daidaita. Ya kwance fulogi ya duba bakinsa: in baƙi ne, mai ya yi yawa, in fari fat ne, iska ta rinjaya, in ruwan ƙasa ne, an dace. Daga nan sai a hau hanyar Zariya ko ta Wudil, a ba ta wuta, a dawo a ce wa maigida: “Ranka ya daɗe, yanzu tana ja.” Maigida ya yarda, domin ba shi da abin da zai ƙaryata. Wannan ilimi ne na gaske, kuma ya riƙe motocin nan shekaru aru-aru, amma iyakarsa gane lafiya da rashinta. Kunne ba ya iya bambance doki 90 da doki 93.

A can inda ake ƙera injuna, an daɗe da barin dogaro da kunne. James Watt na Birtaniya ne ya kawo awon ƙarfin doki a ƙarshen ƙarni na 18, kuma doki ɗaya ya yi kusan ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. A 1821 wani Bafaranshe, Gaspard de Prony, ya ƙirƙiro birkin da ake ɗaura wa inji a ga nauyin da zai iya jurewa. Jikar wannan na'ura ita ce daino ta yau: a hau da mota kan wasu manyan ganguna na ƙarfe, a ɗaure ta da bel, a taka totur a giya ɗaya har ƙarshe, kwamfuta ta zana ƙarfin. Ana maimaitawa sau da dama, a rana ɗaya, a kuma gyara lissafin gwargwadon zafin gari da nauyin iska. Irin wannan na'ura ba kayan garejin bakin titi ba ce.

Daga shekarun 1990 al'amari ya juya. Motocin Kwatano suka cika gari, Honda da Toyota da Golf suka ture Peugeot, aka daina haɗa 504 a Kaduna a 2006. Injekta ta maye gurbin kafireta, matatar takarda ta maye gurbin kwanon mai, aka sa wani ɗan ma'auni a bututun iska mai gaya wa birenbos, wato kwamfutar mota, yawan iskar da ta wuce domin ya saki mai daidai da ita. Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a can su zo da soket ɗin da ake jona kwamfuta, shi ya sa yau a Kwakwaci da Ƙofar Ruwa za ka ga yaro da 'yar na'ura a hannu yana karanta ciwon mota.

A wannan zamani ne sabon yayi ya shigo unguwarmu. Samari masu hali suna cire akwatin iska na asali, su ɗaura buɗaɗɗiyar matata mai kan mazurari, ja ko shuɗiya, irin wadda kamfanin K&N na Amurka, wanda aka kafa a 1969, ya yi suna da ita, ko kuma kwaikwayonta mai araha. Da daddare kana jin gurnaninsu a titin Ahmadu Bello. Ka tambayi mai motar, zai rantse maka ta ƙara doki ashirin. Ka tambaye shi wa ya auna, sai ya ce ai yana ji a jikinsa.

Abin da yake ji ƙara ce. Akwatin asali yana da ɗakuna na kashe sauti, kuma bakinsa yana zuƙo iska daga gaban mota. Wanda ya cire shi ya bar matata tsirara a cikin bonet, kusa da lagireto da jikin inji, injin ya koma shaƙar iska mai zafi, ita kuwa iska mai zafi ba ta da nauyi. Tsakanin asubahin hunturu mai digiri 13 da azahar ɗin Afrilu mai digiri 40, nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 9 cikin 100. Ko matatar kirki da aka killace aka jawo mata iska daga waje, ƙarin da take bayarwa a motar gida dawaki kaɗan ne, kuma sai inji ya kai ƙololuwar juyawa. Saboda haka wanda ya gwada tsohuwar matata da rana, ya gwada sabuwa da dare, yanayin gari ya auna. Ga kuma ƙura: matatar da ta fi sakin iska sau da yawa ta fi sakin ƙura, man da ake shafa mata kuma yana iya ɓata ma'aunin iska. Ƙarshenta ringi ya cinye, hayaƙi ya fara, a sauke inji.

Ban ce kada a taɓa mota ba. Na ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Wanda ba shi da daino yana da abin da mahaifina bai samu ba. 'Yar na'urar nan mai karanta ciwon mota tana nuna zafin iskar da ke shiga da yawanta a kowace daƙiƙa. A fita bayan gari inda ba jama'a, a sa giya ɗaya, a ɗauki lokaci daga kilomita 60 zuwa 100, zuwa da dawowa, da kaya iri ɗaya, a sa'a ɗaya, da tsohuwar matata da sabuwa. A cika tanki a rubuta tafiyar da ya yi, domin tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, shan mai ya fi gudu muhimmanci ga mafi yawanmu.

Kirana ga kanikawa shi ne su riƙa nuna wa mai mota lamba kafin aiki da bayansa. Ku kuma samarin Nassarawa, kafin ku jefar da akwatin da injiniyoyi suka gwada suka auna, ku nemi wanda zai sayar muku da sabo ya nuna muku awonsa. In ba shi da shi, ku riƙe kuɗinku ku sayi matatar takarda mai kyau, ku riƙa sauya ta duk bayan hunturu.