Daga Ƙurar Nikel Zuwa Zaren da Bai Harɗe Ba

Ledar ƙulla gishiri da robar da likitoci ke dasa wa tsoho a ƙugu uwarsu ɗaya: iskar etilin ce aka jera ƙwayoyinta suka zama zare, wato folietilin. Tsayi ne ya raba su. Zaren ledar, kamar na robar jarka, ƙwayoyi 'yan dubbai ne, na dashen ƙugu kuwa ya haura dubu 100. Mai yin jerin shi ne katalis, wani sinadari da ke da ƙarfe a cibiyarsa, yana kama etilin yana saƙawa ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Mu 'yan wannan fanni mun saba ba da tarihinsa kamar tseren wa ya fi dogon zare. A ganina an gama tseren tun shekarun 1950, kuma abin da ya hana mu barci tun daga lokacin shi ne yadda zaren ke kwanciya a daidai sa'ar da ake haifarsa.

Hujjar farko tana garin Mulhaim na Jamus, a cibiyar Max Planck ta binciken kwal. Karl Ziegler yana tsawaita etilin da sinadaran alminiyam, sai wata rana aikin ya ƙi, ƙwayoyi biyu kacal ke haɗuwa zaren ya tsinke. Da aka bi diddigi, ashe ɗan ɓurɓushin nikel ne a cikin tukunyar. Sai Ziegler ya sa a gwada sauran ƙarafa. A 1953 ɗalibansa suka dace da zakoniyam, sannan titaniyam, wanda ya yi aikin ba tare da mugun matsin da kamfanin ICI na Ingila ke buƙata tun 1933 ba. Ga abin da ake yawan mantawa: katalis ɗin Ziegler, in an bar shi da halinsa, dogon zare yake yi har ya wuce misali. Masu yin robar jarka sai sun zuba masa iskar haidirojin don ta datse. Shi ya sa kafin Ziegler da Giulio Natta su karɓi kyautar Nobel a 1963, kamfanin Ruhrchemie na Oberhausen ya riga ya fara sayar da garin roba mai dogon zare.

Samun sa bai yi wuya ba, sarrafa shi ne jidali. Ko an narka shi ba ya gudana, don zarurrukan sun harɗe da juna kamar zaren saƙar da akuya ta bi ta kai. Sai dai a danne garin da zafi ya zama dunƙule, a sassaƙa. Da irin wannan dunƙulen John Charnley ya yi kofin dashen ƙugu a asibitin Wrightington a 1962, bayan robar Teflon da ya fara gwadawa ta cinye a jikin marasa lafiya. Masu son zare mai ƙarfi kuwa sai da suka jira Paul Smith da Piet Lemstra na kamfanin DSM a Holan, waɗanda a 1979 suka narka garin cikin ruwan sinadari mai yawa don zarurrukan su rabu, sannan suka ja su suka miƙe. Daga nan Dyneema ta fito, ta rigar sulke da igiyar ɗaure jiragen ruwa. Dabara ce mai kyau, amma gyaran ɓarna ce. Ɓarnar kuwa a tukunya aka yi ta, domin katalis ɗin Ziegler gari ne mai bakunan saƙa masu yawa a cunkushe, kowane yana fitar da zarensa cikin zafi, sai su harɗe kafin su daskare.

Daga wannan mahangar ya kamata a auna abin da ya biyo baya. A Hamburg, Walter Kaminsky da Hansjörg Sinn sun gano cewa ɗan ruwa, wanda kowa ke gudu kamar annoba, yana mayar da sinadarin alminiyam ya zama MAO, mai zaburar da katalis narkakke mai baki iri ɗaya. A 1995 Maurice Brookhart ya dawo da nikel ɗin nan da aka yi wa tambarin mai yanke zare, ya kange shi da manyan rassan sinadari, sai ga shi yana saƙa mai tsawo. A ƙarshen shekarun 1990 Terunori Fujita na Mitsui a Japan ya fito da katalis ɗin FI, wanda wasu nau'o'insa ba sa sakin zaren da suka kama. Sanjay Rastogi da abokan aikinsa suka nuna amfaninsa: a tsinka katalis ɗin sosai don bakunan su yi nesa da juna, a rage zafi, sai zare ya daskare yana fitowa, bai sami zarafin harɗewa ba. Irin wannan garin ana iya murje shi a ja shi ba da ruwan narkarwa ba.

Mai ja da wannan magana zai ce har gobe titaniyam ɗin Ziegler ne ke yin mafi yawan robar nan a duniya, to ina ribar shekaru 40 na sababbin katalis? Yana da gaskiya a fuska uku. MAO na da tsada. Katalis narkakke yana sa roba ta manne a bangon tukunya. In kuma aka ɗora shi a kan gari don kauce wa mannewar, bakunan na iya sake cunkushewa, a koma gidan jiya. Haka nan babu likitan da zai yi gaggawar barin robar da aka shafe fiye da shekara 60 ana ganin halinta a jikin mutane. Sai dai duk wannan lissafin farashi ne da aikin injiniya, bai rushe abin da aka tabbatar ba, cewa ana iya hana harɗewa tun daga tukunya. Kamfanin Teijin ma ya kai wa kasuwa faifan roba mai suna Endumax, wanda ya yi a Emmen ta Holan ba tare da ruwan narkarwa ba. Saboda haka duk wanda ya kawo sabon katalis yana alfahari da tsawon zarensa, a ce masa Ruhrchemie ta sayar da dogon zare tun kafin a haife shi, ya nuna mana ko garinsa yana jawuwa.