Ma'aunin Nagartar Makarantar Firamare ta Gwamnati a Gundumomin Birnin Ƙwanni, Malbaza da Illela

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hanyoyin da ake bi wajen yanke hukunci a kan nagartar makarantar firamare ta gwamnati a gundumomin Birnin Ƙwanni, Malbaza da Illela na jihar Tawa, Jamhuriyar Nijar. An dogara a kan dokokin ilimi na ƙasar, da sakamakon gwajin PASEC na 2014 da 2019, da bincike biyu da aka gudanar a kan kwamitocin makarantu. Maƙalar ta nuna cewa gini, da yawan sunaye a rajista, da adadin waɗanda suka ci jarrabawar ƙarshe ba su isa hujja ba a wannan yanki. Abu biyu suka fi fallasa gaskiya: yawan kwanakin da aka yi darasi da gaske, da abin da yaron aji uku ke iya karantawa da lissafawa. Dukansu biyu iyaye na iya auna su.

1.0 Gabatarwa

Gundumomin nan uku suna kudancin jihar Tawa, a ƙasar Adar da makwabtanta, inda Hausa ce harshen gida da na kasuwa. Birnin Ƙwanni tana kan babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, bakin iyaka da jihar Sakkwato. Malbaza, mai masana'antar siminti, ta zama gunduma a 2011 bayan an cire ta daga Ƙwanni, kuma a cikinta Galmi take, garin da aka san albasar Nijar da sunansa. Illela ta haɗa da Badagishiri da Tajaye (kada a rikita ta da Illelar Nijeriya da ke fuskantar Ƙwanni). A ƙidayar 2012 mutanen gundumomin uku sun haura 850,000.

Tun daga dokar tsarin ilimi mai lamba 98-12 ta 1 ga Yunin 1998, wadda aka fi sani da LOSEN, da shirin shekara goma na PDDE da ya fara a 2003, Nijar ta duƙufa wajen kai lakwal, wato makarantar boko, ƙauyuka. An ci nasara ta wannan fuska: ƙauyen da a da sai yaro ya yi tafiya mai nisa, yau da makarantarsa. Tambayar da ta rage ita ce wadda uba ke yi idan ɗansa ya shekara shida yana zuwa lakwal amma ya kasa karanta masa takardar asibiti: ta yaya za a gane makarantar kirki?

2.0 Hanyar Bincike

Nazarin takardu aka yi, aka auna abin da suka ƙunsa da yanayin rayuwar yankin, musamman kalandar noma da ta ci-rani. An taƙaita a kan makarantun gwamnati masu aji shida, daga CI zuwa CM2. Makarantun kuɗi ba su shiga ba.

3.0 Ma'aunan da Aka Saba da Su

Abin da ido ke fara gani shi ne gini, kuma babu mai raina shi. Gobarar da ta ci azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilun 2021, da ta Maraɗi a watan Nuwamban shekarar, sun kashe yara fiye da arba'in. A lokacin hukumomi sun ce azuzuwan zana a ƙasar sun kai 36,000. Saboda haka aji na siminti kariya ce ga rai. Sai dai bango ba ya koyarwa. Akwai makaranta mai rufin kwano da fenti da yaranta ba sa haɗa baƙi, akwai kuma mai rumfa da malaminta ya tsaya tsayin daka.

Rajista ta fi gini ruɗi. Sunan yaro na iya zama a littafi shekara guda alhali shi yana Abijan ko Legas tare da yayansa, ko yarinyar an ɗaura mata aure duk da dokar 5 ga Disambar 2017 da ta tanadi kare 'ya mace da ke karatu. Darakta ba shi da wata riba a goge suna, domin da yawan yara ake neman ƙarin malami da kayan aiki. Ba zargi ba ne, haka tsarin ya ɗora shi.

Jarrabawar ƙarshen firamare ta CFEPD, wadda aka dakatar wajen shekara goma kafin a dawo da ita a 2024, ita ce ma'aunin da iyaye suka fi yarda da shi. Rauninta biyu ne. Na farko, waɗanda suka kai CM2 kaɗai take aunawa. Makarantar da ta ɗauki yara sittin a CI, ta kai goma sha biyar ajin ƙarshe, goma sha biyu suka ci, za a yaba mata da kashi 80 cikin ɗari, ba wanda zai tambayi ina sauran arba'in da biyar suka shiga (lissafin misali ne kawai). Na biyu, labarinta a makare yake zuwa. Yaron da bai iya karatu a aji shida ba, tun a aji biyu aka bar shi a baya, sai bayan shekara huɗu takarda ta faɗa.

4.0 Abin da Gwajin Ƙasa da Ƙasa Ya Nuna

Shirin PASEC na ƙungiyar ministocin ilimi ta CONFEMEN ya gwada ɗaliban ƙasashe goma a 2014. A Nijar, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a ƙarshen firamare ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, a karatu da lissafi duka. A zagayen 2019, mai ƙasashe goma sha huɗu, adadin ya tashi zuwa kusan kashi 30 a karatu da ɗan sama da kashi 20 a lissafi. Ci gaba ne, amma a lokacin bakwai cikin goma na fita ba su fahimtar abin da suka karanta.

A ɓangaren malamai, faɗaɗa makarantu cikin gaggawa ya sa 'yan kwantiragi suka zama mafi rinjaye, da yawansu ba su bi ta makarantar horon malamai irin ta Kaocen da ke Tawa ba. Da gwamnati ta yi musu jarrabawa a 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka sami maki 10 ko fiye cikin 20.

Waɗannan alƙaluma na da amfani ga ma'aikatar ilimi, amma samfuri ne na ƙasa baki ɗaya. Ba za su gaya wa mutumin Tsarnawa ko Dogarawa halin da makarantar garinsu take ciki ba.

5.0 Kwanakin Karatu

A takarda, shekarar karatu tana farawa ne a watan Oktoba ta ƙare a Yuni. A ƙauyen da ajinsa na zana ne, lissafin daban yake. Ba a samun kara sai an gama girbin hatsi, kuma masu kafa rumfar su ne dai masu aikin gona. Sai an kai damman gero rumbu sannan a sari itace, a kafa dirkoki, a saƙa zana a kewaye. Kafin nan Nuwamba ta yi nisa. Yara na zaune a kan buhu ko a rairayi, kowa da ɗan allonsa a cinya, baƙin allon mushe, wato malami, a jingine da dirka. Idan hunturu ya busa, ƙura ta cika ido, muryar ajin da ke makwabtaka tana ratsowa ta zana. Guguwar farkon damina a Mayu ko Yuni kan kwashe rumfar, ita ke nan an tashi. Ajin da aka rubuta masa wata tara, da ƙyar ya ga shida ko bakwai.

Wani abin da ya keɓanta da wannan yanki shi ne noman rani. A kwarin Majiya, da filayen ban-ruwa na Ƙwanni da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, da fadamun Galmi, aiki ba ya tsayawa da kaka. Dashen albasa da ban-ruwa da cira suna faɗowa ne tsakiyar shekarar karatu, kuma hannun yaro na da daraja a nan, musamman a gidan da manyan maza suka tafi ci-rani. A garuruwan kan hanya da bakin iyaka kuwa talla da dako ne ke jan yara, ranar kasuwa aji ya zama fayau. Idan aka ƙara yajin aiki, da jinkirin biyan 'yan kwantiragi, da kwanakin da malamin ƙauye ke ɓatawa a hanyar zuwa karɓar kuɗinsa, sai a ga makarantu biyu masu manhaja ɗaya sun bambanta da makonni masu yawa na darasi.

Wannan ma'auni na kwanakin darasi ba ya buƙatar ƙwararre. Duk wanda ke zaune a garin ya san ranar da mushe ya zo da ranar da bai zo ba. Abin da babu shi ne rubutawa.

6.0 Harshen Awo

Yaron Bazaga ko Gidan Idar yana shiga CI ne ba ya jin Faransanci ko kaɗan. Idan aka gwada shi da Faransanci a aji biyu ya faɗi, ba a san ko haɗa baƙi ne bai iya ba, ko harshen ne ya tare shi. Nijar ta daɗe da sanin wannan: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma kada a ɗauka harshen gida shi kaɗai magani ne. Gwajin karatun Hausa da aka yi a Sakkwato da Bauci a 2013 ya tarar mafi yawan yaran aji biyu da uku ba sa iya karanta ko kalma ɗaya, alhali harshensu ne. Abin da ya kamata shi ne a gwada yaro da harsunan biyu, domin a bambance matsalar harshe da ta koyarwa.

7.0 Iyaye a Matsayin Masu Awo

Jihar Tawa ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani. A nan ne shirin "Makaranta don Kowa" na hukumar JICA ta Japan ya fara a 2004, inda aka gwada zaɓen shugabannin kwamitin makaranta, COGES, ta ƙuri'ar sirri, da tsara aikin shekara a gaban taron gari. A 2007 aka bazu da tsarin a faɗin ƙasa, daga baya sunan kwamitin ya koma CGDES.

Bincike biyu sun nuna iyakar kwamitin da kuma ƙarfinsa. Beasley da Huillery (2017) sun bi makarantu 1,000 a jihohin Tawa da Damagaram, aka ba rabinsu tallafin kuɗi ta hannun kwamiti. Iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, kayan aiki sun ƙaru, yaran ƙananan azuzuwa sun ƙaru, amma makin ɗalibai bai motsa ba, fashin malamai ma ya ɗan ƙaru. Kozuka (2018) ya yi nasa a jihar Tillaberi. Inda aka ba da kuɗi kawai, karatu bai canza ba. Inda aka haɗa kuɗin da horar da kwamiti a kan gwada yara da bayyana sakamako a taron gari, iyaye sun shirya darussan ƙari, maki kuma ya tashi a lissafi da Faransanci. A fahimtar wannan maƙala, bambancin shi ne kwamiti na farko ya kashe kuɗi a kan abin da yake gani, na biyu kuwa an nuna masa abin da ba ya gani.

Gwajin kansa ba shi da wuya, irin wanda ƙungiyar Pratham ke yi a Indiya tun 2005 ne. Takarda ɗaya ce mai hawa huɗu: baƙaƙe, kalmomi, ɗan sakin layi, gajeren labari. A zaunar da yaro shi kaɗai, a fara da sakin layin. In ya wuce, a ba shi labarin a yi masa tambaya biyu. In ya cije, a sauko da shi kalmomi, in ya sake cijewa a sauko baƙaƙe. Sannan a ba shi ɗebewa mai aro, kamar 52 a cire 17. Minti goma ya isa. Mutanen Adar sun san wannan tsari daga makarantar allo, inda almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam shi kaɗai, kuma ba a ce wa ɗalibi ya kai izu goma don ya shekara uku a tsangaya. A lakwal ne kawai ake ciyar da yaro gaba da ƙidayar shekaru.

Akwai haɗari, kuma binciken Tawa da Damagaram ya nuna shi. Iyaye ba su da ikon ɗaukar malami ko sauya shi, kuma malamin da aka turo daga nesa, wanda albashinsa ke makara, idan ya ji an sa masa ido yana iya ja da baya. Don haka bai kamata a maida sakamakon bulalar dukan mushe ba. Lissafin kwanaki ya nuna dalilin kowane fashi: na rashin rumfa laifin gari ne, na albasa na iyaye ne, na jinkirin albashi na hukuma ne.

8.0 Shawara

Ana ba masu duba makarantu na gundumomin uku shawarar su sa kowane CGDES ya riƙe littafin kwanakin darasi, ya kuma gwada dukan yaran CE1, wato aji uku, da Hausa da Faransanci sau biyu a shekara, a Disamba da Afrilu, a karanta sakamakon a taron gari da darakta da maigari a zaune. Tsangayar nazarin ilimi ta Jami'ar Djibo Hamani da ke Tawa na iya tsara takardar gwajin da Hausar yankin, ta kuma bi sawun makarantun fadama da na tudu don a kwatanta. Makarantar da mafi yawan yaranta na aji uku ke karanta sakin layi su gane shi, ta cancanci a kira ta mai kyau ko da a rumfa take. Wadda ta kasa wannan, a fara gyara daga aji ɗaya da aji biyu, kuma a kai malamin da ya fi kowa ƙwarewa can.