Layi Biyu a Kan Takardar Naƙuda

A Karfi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan naƙuda ta yi gardama Malumfashi ake nufa. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne wa ke cewa a tafi yanzu, kuma da me take auna lokacin. Ƙaramin asibiti ba shi da likita da tsakar dare. Malamar jinya ko ungozomar da ke riƙe da ɗakin haihuwa ita ke yanke wannan hukunci, kuma hukuncin nata yana da tarihi.

Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda asibitin Malumfashi ya taɓa zama reshensa. Da aka buga sakamakon a 1985, sai ya nuna mace-macen sun fi yawa nesa ba kusa ba cikin matan da ba su yi awo ba, waɗanda aka kawo bayan sun galabaita. Wadda ta tsira kuwa sau da yawa da yoyon fitsari take tsira, domin kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu. Irin waɗannan mata ne likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya soma yi wa aiki a Babbar Ruga, Katsina, a shekarun 1980. Kusan kowace a cikinsu an makara ne wajen cewa a tafi.

Dabarar rage wannan makara daga Afirka ta fito. A 1972, a Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, Philpott da Castle suka tsara wata takarda mai suna fatogiraf domin ungozomomin da ke aiki nesa da likita. Ana auna buɗewar bakin mahaifa, a ɗiga a kan takardar gwargwadon lokaci. Layi biyu ne a jiki. Na farko na gargaɗi, an ja shi bisa lissafin santimita 1 a kowace awa. Na biyu na ɗaukar mataki, awa 4 bayan na farko. Idan ɗigon mai naƙuda ya tsallake layin farko, a soma shirin tura ta babban asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada takardar a kan mata fiye da 35,000 a Indonesiya da Malesiya da Tailan, rahoton 1994 ya nuna doguwar naƙuda ta sauko daga kashi 6.4 zuwa 3.4 cikin 100.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta wannan tsari yana burge mu, don irin aikinmu ne: idan kaza ya faru, a yi kaza. Ya kuma ba ƙaramar ma'aikaciya bakin magana. Maimakon ta ce wa mai gida ko uwar miji ranta bai kwanta ba, sai ta nuna ɗigo da layi.

Sai dai takarda ba ta san hanyarmu ba. Awa huɗun nan an ware su ne don tafiya, amma a wajenmu sukan ƙare kafin a tada mota. Mai gida yana gona ko ya tafi kasuwa Funtuwa, ba a fita sai da izininsa, sai an haɗa kuɗin mai, ga damina ta ɓata hanya, ga fargabar tafiyar dare da ta ƙaru a 'yan shekarun nan. Shugabar ɗakin haihuwa da ta san aikinta tana haɗa duk wannan da abin da ta auna, ta aika a kira mai gida tun ɗigo bai kai layi ba. Ita ce kuma ke duba ko ma'aikatanta suna cika takardar ana cikin naƙuda, ko sai an haihu su zauna su cike ta don idon masu zagaye, abin da aka sha samu a asibitoci da dama.

Layin kansa ma bai tsira daga tambaya ba. A 2018, binciken da Olufemi Oladapo ya jagoranta a kan mata fiye da 5,000 a Najeriya da Yuganda ya nuna mata da yawa ba sa kai santimita 1 a awa, kuma lafiya lau suke haihuwa. Ke nan bin layin ido rufe na iya jawo ƙarin ruwan naƙuda ko tiyatar da ba a buƙata. A 2020 Hukumar ta fito da sabuwar takarda. An cire layukan biyu, kowane santimita da nasa wa'adin: awa 6 a kan santimita 5, awa 2 a kan santimita 9. A ƙasan takardar an bar gurbi inda ungozoma za ta rubuta abin da ta gani da abin da suka shawarta da mai naƙuda, sannan ta sa hannu.