Fuskokin Dodannin Bambara da Matsayinsu a Al'adun Mali

Bambara, waɗanda ke kiran kansu Bamana, su ne ƙabila mafi yawa a ƙasar Mali, kuma harshensu na Bamanankan shi ne aka fi ji a kasuwanni da titunan Bamako. Garuruwansu sun bazu a yankunan Segu, Beledugu, Kaarta da Buguni. A wajen Afirka an fi saninsu da fuskokin katako da ake baje kolinsu a gidajen tarihi na Faransa da Amurka. Sai dai abin da baƙo ke gani a bayan gilashi kai ne kawai. A wurin masu abin, dodo ba ya cika sai an haɗa da rigarsa, da kiɗa, da rawa, da kuma ƙungiyar asirin da ke riƙe da shi.

Waɗannan ƙungiyoyi ana kiransu jow. Masanin Faransa Dominique Zahan ya lissafa guda shida: Ntomo, Komo, Nama, Kono, Ciwara da Kore. Kowace tamkar aji ce a makarantar da namiji ke ratsawa tun daga ƙuruciya, kuma kowace da irin dodonta. Maƙera, wato numu, su ne ke sassaƙa fuskokin, domin an yi imani su kaɗai ke iya sarrafa nyama, ƙarfin ɓoye da ke cikin itace da ƙarfe da jini.

Ntomo ta yara ce da ba a yi wa kaciya ba. Fuskarta tana da ƙahoni a jere kamar haƙoran mataji, ana kuma yi mata ado da wuri da jajayen 'ya'yan itace. Yawan ƙahonin na da ma'ana, domin a lissafin Bambara uku na namiji ne, huɗu na mace. Bakin kuwa ɗan ƙarami ake yinsa, ko a bar shi a rufe, don koya wa yaro kame harshe. A lokacin bikin, yaran kan tsula wa juna bulala, kuma abin kunya ne a ji kukan wani.

Komo ce aka fi tsoro. Ana ɗora dodonta a ka, da dogon baki a buɗe, an cusa masa ƙahonin dabbobin daji, da ƙayar beguwa, da gashin tsuntsaye. Shekara bayan shekara ana zuba masa jinin hadaya da kunun gero da tauraren goro har ya yi ɓawo mai kauri. Ba don kyau aka yi shi ba. Da dare yake fitowa, mata da waɗanda ba a shigar ba kuma ba sa ganinsa. Aikinsa farautar mayu da yanke hukunci kan laifukan da suka gagari dattawa.

Ciwara kuwa a bainar jama'a take rawa, mata na rera mata waƙa. Sunan ya haɗa ci, wato noma, da wara, wato dabbar daji. Tatsuniyar Bambara ta ce wata halitta ce rabi mutum rabi dabba ta koya wa 'yan Adam noma, da suka fara almubazzaranci da hatsi sai ta shige ƙasa, su kuma suka sassaƙa siffarta don tunawa. Siffar ta gwanki ce, a wasu wurare a haɗa da jikin dabgi saboda iya tonon ƙasa. Ana ɗaure ta a kan ɗan kwando a ɗora a ka. Kullum biyu suke fitowa: namiji mai dogayen ƙahoni da geza, da mace goye da ɗanta. Masu rawar kan sunkuya riƙe da sanduna biyu, kamar mai noma da fartanya, don zaburar da samari a gona. Salon Segu a tsaye yake, na Beledugu a kwance.

A Kore, matakin ƙarshe, ana samun fuskokin kura da biri da zaki, tare da koredugaw, 'yan barkwancin da ke yi wa kowa ba'a har da masu mulki. A 2011 hukumar UNESCO ta saka ƙungiyarsu cikin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa.

Raunin waɗannan ƙungiyoyi ya daɗe da farawa. A 1861 Alhaji Umaru Tal, wanda ya zauna a Sakkwato ya kuma auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ci Segu da yaƙi ya lalata kayan tsafin fadar. Faransawa suka karɓe garin a 1890. A 1931 tawagar Marcel Griaule ta kwashe kayan Kono daga ƙauyuka ba da yardar masu su ba, kamar yadda ɗan tawagar Michel Leiris ya rubuta da kansa, kuma har yau suna Paris.

Yanzu mafi yawan Bambara Musulmi ne, kuma Komo da Kono sun ja baya zuwa wasu ƙauyuka. Ciwara ce ta fi tsira, domin ta zama alamar ƙwazo a Mali baki ɗaya, har akan kira manomi ko ma'aikacin da ya yi fice da sunanta.