Asalin Kalmar Silima, Da Bashin Da Mushe Ke Bi Na

Duk wanda muka zauna aji ɗaya da shi ya san irin gudun da nake yi wa darasin Faransanci. Da zarar Mushe ya doso aji, sai ciwon kai ya taso mini. Ina gama aji uku na yi watsi da shi, a zatona mun rabu ke nan.

Bara aikin ofis ya kai ni Yamai. Wata rana da dare ana hirar finafinai, sai na yi ta zare ido kamar kurma, alhali kuwa kalmar da suke ta maimaitawa tun muna yara muke faɗinta, wato silima.

Asalinta cinématographe, sunan na'urar da wasu 'yan'uwa biyu na birnin Liyon, Auguste da Louis Lumière, suka nuna wa jama'a hoto mai motsi da ita a Faris ranar 28 ga Disamba, 1895, kowa ya biya faranka 1. An ƙera sunan daga kalmomin Girkanci biyu, motsi da rubutu. Da ya yi wa baki tsawo aka gutsure shi ya koma cinéma, mu kuma muka lanƙwasa shi yadda harshenmu ya ga dama. Wani abin mamaki, lumière ɗin ma ma'anarsa haske.

Wadda ta fi burge ni ita ce tournage, ɗaukar fim, daga tourner, juyawa. Dalili kuwa, kyamarar farko da hannu ake juya ta kamar injin markaɗe. Marikin ya ɓace tuntuni, kalmar na nan daram. Haka gajeren fim, court métrage suke ce masa, domin da mita ake auna tsawon zarensa.

Akwai kuma cinéma vérité, silimar gaskiya, wadda ake dangantawa da Jean Rouch. Shi wannan Bafaranshe injiniya ne da ya zo Nijar a 1941, daga baya ya rungumi kyamara. A fim ɗinsa na 1958, Moi, un noir, Oumarou Ganda ya fito, wanda shi kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Maƙwabcinmu ne, amma sai da na haura shekara talatin na ji sunansa.

Mushe, idan mujallar nan ta iso hannunka, a yi mini aikin gafara. Na koma ɗaukar darasi duk ranar Asabar, kuma har yanzu être ne ke kayar da ni.