Kaso Nawa Ne Namu?

Mu da muka tsufa a aikin tsare-tsare da kasafi mun san rigimar rabon arziki a Najeriya ta girmi man fetur. Tun 1946 kwamitin Phillipson ya kawo ƙa'idar cewa yankin da dukiya ta fito ya samu kaso na musamman. A zamanin, Yamma mai koko da Arewa mai gyaɗa ne suka fi riƙe ta da hannu biyu, abin da 'yan baya ke yawan mantawa.

An tono mai a Oloibiri da ke Neja Delta a 1956. Bayan shekara biyu kwamitin Raisman ya ba kowane yanki rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙa a ƙasarsa. Da soja suka zo, aka yi ta yankar kason: 45 cikin 100 a 1970, sai 20 a 1975, kafin ya koma ɗaya da rabi a 1982. Tsarin mulkin 1999 ne ya ɗaga shi zuwa aƙalla 13.

Duk lokacin da Neja Delta ta ɗau zafi, maganinmu ɗaya ne, a kafa hukuma. Babangida ya kafa OMPADEC a 1992, Obasanjo ya kawo NDDC a 2000, 'Yar'adua ya ƙara da ma'aikata sukutum a 2008.

Inda gizo ke saƙar shi ne cikin fayil. Za a sa hanya a kasafi, alhali ba wanda ya je ya ga fadamar da za ta ratsa, inda sai an cike da yashi kafin a yi zancen kwalta. Ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami, ya kafa allo mai sunan aikin, ya ajiye katafila guda. Damina ta sauka, shi ke nan. Baɗi aikin ya dawo a jerin "ayyukan da ke gudana", da sabon farashi. Kuɗin gyara kuwa, ba mai yanke ƙyalle a kansa, don haka ba mai tuna shi. Binciken da aka miƙa wa gwamnati a 2021 ya ƙirga ayyukan NDDC sama da 13,000 da aka watsar ko aka yi wa ha'inci.

Shi kansa kaso 13 ɗin asusun jiha yake shiga, gwamna ke da wuƙa da nama, ƙauyen da bututu ya ratsa sai abin da aka ga dama. Duk da haka, da aka tashi kafa hukumar raya Arewa maso Gabas a 2017, da ta Arewa maso Yamma a 2024, kusan tsarin NDDC ɗin aka ɗauko.